Amsa ga Hajiyar da ɗiyarta ke son TikTok

Salamu alaikum Hajiya. Kin ce ɗiyarki mai shekara 10 ta matsa sai an buɗe mata TikTok, ga wani wasan waya yana neman sunanta da ranar haihuwarta da lamba, kina tambaya ko da matsala. Akwai kam.

Shekarata tara ina gyaran waya a bakin babbar kasuwar Maraɗi, kullum sai yara sun zo in buɗe musu shafi. TikTok da Facebook ba sa karɓar wanda bai kai 13 ba, shi ya sa ƴar mitsitsiyar yarinya za ta ce min, "Kawu, rubuta an haife ni a 2000." Wannan 13 ɗin ta samo asali daga dokar Amurka ta 1998, wadda ta hana kamfanoni kwasar bayanan ƙananan yara sai da yardar iyaye. Duk da haka suna kwasa. A 2019 an ci YouTube tarar dalar Amurka miliyan 170 kan wannan, a 2023 TikTok ta sha ta yuro miliyan 345 a Turai.

Amma ni abin a gida ya same ni. Bara ɗana ya zo na biyu, murna ta ɗebe ni na sa hotonsa a Facebook, da rigar lekol, riƙe da takardar sakamako. Suna, aji, makaranta, komai a fili. Ba a yi sati ba wani ya kira mai ɗakina, wai shi malamin lekol ɗin yaron ne, kabu-kabu ya buge yaron, a turo jika 40 maza. Har ajin ya faɗa daidai! Allah ya sa ta fara kirana. Na bar shago a buɗe na zabura lekol, na iske shi zaune lafiya lau yana kwafar darasi. Da na tsananta tambaya, ashe shi da kansa ya rubuta lambar uwarsa a wani wasa mai alkawarin kyautar kati.

Don haka kada ki buɗe mata yanzu. In kallo take so, ta yi a wayarki, kina kusa. Wasan da ya nemi hoto, lambobin mutane ko inda kuke, goge shi. Wasan tseren mota me ya haɗa shi da lambar kakarta? Mu ma muna da hukumar kare bayanai, HAPDP, a Yamai, in abu ya kai ga ƙara.

In ba ki gane wajen rufe izinin da wasanni ke nema a waya ba, ki aiko wayar shago da la'asar, ba ko dala.