Daga ina ƙurar da ke tsakanin taurari take fitowa?

Malam, ka tambaya yadda iska zalla take zama ƙura a sararin samaniya, inda babu ƙasa balle guguwa. Ka taɓa lura da kunkunniyar da fitilar aci-balbal ke bari a rufin ɗaki? To, kusan haka abin yake.

Idan tauraro ya tsufa, sai ya kumbura yana fesar da iskarsa waje. Kabon da oksijin suna fara ƙullewa su zama iskar kabon-monoksaid (CO), ƙulli mai wuyar kwancewa. In kabon ya fi oksijin yawa, kamar a tauraron CW Leonis, ragowar kabon ɗin ne ke kama haidurojin ya zama wata iska da ake kira asetilin. Da iskar ta yi nisa ta huce zuwa wajen digiri 1000, asetilin ɗin sai ya riƙa haɗuwa yana yin zobban kabon irin na sinadarin benzin, zobban su manne da juna har su zama ƙwayar ƙura. Hasken tauraron kuma ya tura ta gaba.

Ba hasashe ba ne kawai. A dutsen da ya faɗo daga sararin samaniya a Murchison ta Ostireliya a 1969, an sami ƙwayoyin ƙurar taurari na silikon-kabaid (haɗin silikon da kabon) da suka girmi rana.