Tsinken gwajin fitar ƙwai: kafin ki saya

"Anti, wata takwas da aurena ba ciki, har barci ya ƙaurace mini. In sayi tsinken gwajin fitar ƙwai?" in ji wata amarya daga unguwar Aboabo a Kumasi.

Kwantar da hankalinki, ƙanwata, wata takwas bai kai abin tsoro ba. Saya, amma ki san aikinsa. Sinadarin LH yake nema a fitsari. Wani ɗan ƙullutu ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke samar da shi. Idan ya hauhawa farat ɗaya, ƙwai kan fito bayan awa 24 zuwa 36. Ƙwan ba ya wuce kwana ɗaya, maniyyi kuwa kan kai kwana 5, don haka ranar da tsinken ya nuna da washegari ku kusanci juna.

Don sanin ranar fara gwaji, ƙirga kwanaki daga farkon al'ada zuwa farkon ta gaba, ki cire 17. Mai kwana 28 za ta fara gwaji a rana ta 11. Ki riƙa yi tsakanin hantsi da magariba, ki rage shan ruwa awa 2 kafin nan. Layi biyu ne a tsinken: sai layin gwaji ya kai ɗayan duhu ko ya fi shi sannan ƙwai ya kusa fita. Mai dishi-dishi ba komai ba ne, domin kullum akwai ɗan LH a jiki.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne inda ake saye. Tsinken da ya yini a faranti cikin rana a kasuwar Kejetia, me zai gaya miki? Zafi da laima na lalata shi. Ga masu talla a WhatsApp, kaya ba kwali, ba ranar ƙarewar aiki, su haɗa miki da gorar "maganin haihuwa" da ba wanda ya san abin da ke ciki. Ki je shagon magani mai lasisi, ki duba rajistar hukumar kula da abinci da magunguna (FDA), ki tabbata ledar ba ta huje ba. Clomid kuwa, maganin sa ƙwai ya fito, kada ki sha sai likita ya rubuta. Yana iya kumbura ma'ajiyar ƙwai, yana kuma rikita gwajin.

Mai tambaya daga Asawase ko tsinken zai zaɓa mata ɗa namiji: a'a, kada ki ɓata sidinki.

Ke kuma da layinki ke duhu kullum, al'ada na tsallake watanni, 'yata, daina saye. Hakan na faruwa ga masu PCOS, wato matsalar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan lokaci, kuma ana magance matsalar. Ki ga likitan mata a asibitin Komfo Anokye ko asibitin kusa da ke, ki tafi da maigida shi ma a gwada shi.