Masan motar gida ya toshe ga kuma wari, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston ta jihar Texas, na sayi tsohuwar motar nan mai ɗaki da kicin da bayi a ciki muna fita da iyali. Da muka sauka a wani wurin ajiye irin waɗannan motoci sai na jona tiyon ƙazanta da bututun wurin, na bar bawul a buɗe don kada tanki ya cika. Yanzu in an taka fedar masai abin ba ya wucewa, allo na nuna tanki cike, wari kuma ya hana mu sakat. Don Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da fama. Ai bawul ɗin nan da ka bari a buɗe shi ne ya jawo maka duk wannan, kuma sabbin shiga da yawa nan suke faɗawa.

Masan yawancin motocin nan na Amurka, irin na kamfanin Dometic ko Thetford, ba kamar na gida ba ne. Ka taka feda murfin ƙasa ya buɗe, komai ya faɗa kai tsaye cikin tankin da ke ƙarƙashin mota, shi kenan. To in bawul yana buɗe ruwan ne kawai ke tsiyayewa, bayan gida da tishu su tsaya daidai inda suka faɗo, yau kaɗan gobe kaɗan suna bushewa har su yi tudu kamar suri su taɓo bakin bututu. Kashe famfon ruwa ka taka feda ka haska toci, da idonka za ka gani.

Ka fara rufe bawul ɗin. In ruwa ba ya wucewa sam, samo bututun roba mai lanƙwasuwa ka tura ta masai ka huda tudun a hankali, kada ka sa rodi don tankin roba ne, in ka fasa shi kuwa ka shiga sabon kashe kuɗi. Daga nan ka ɗura ruwa da yawa, mai ɗumi ya fi, ka zuba maganin tanki irin mai narkar da ƙazanta da ake sayarwa a shagunan kayan waɗannan motoci, ka bar shi ya jiƙa kwana ɗaya ko biyu. In da hali ka ɗan zaga da motar ruwan ya yi ta girgiza, sannan ka je wurin zubarwa. Sa gwiwar tiyo mai gani-har-hanji a bakin fita don ka riƙa ganin abin da ke fitowa, ka maimaita har ruwan ya washe, da wuya sau ɗaya ya isa. Don Allah ban da soda ko asid na buɗe kwata, cinye robobin bawul suke yi. Kuma in motarka na da wurin jona tiyon wanke tanki kada ka kunna shi bawul na rufe ka tafi sabgarka, ruwan ƙazanta zai dawo ta masai ya malale cikin ɗaki.

Maganar allo kada ta ɗaga maka hankali, tishu ne ke maƙalewa a jikin sensa, wato na'urar da ke auna cikar tanki, sai ta yi ta nuna cike ko tanki babu komai.

Wari kuwa, in ka wanke bai tafi ba duba wuri biyu. Ya kamata ɗan ruwa ya riƙa zama a cikin masai, shi ke tare warin, in yana zurarewa to robar murfin ta bushe ko datti ya shiga, goge ta ka shafa man silikon, ban da baselin domin yana lalata roba. Na biyu bututun iska da ya fita ta rufin mota, ganye ko gidan zanzaro kan toshe shi, alamarsa masai ya riƙa yin gyatsa in an taka. Sannan kada a taka feda fankar bayi na aiki, janyo warin take yi daga tanki.

Idan wata rana ruwan ne ya ƙi zuwa, wannan daban: duba batir da fiyus na famfon, mai aiki da wutar lantarki bolt 12 ne, da rariyar da ke bakinsa. Ku a Texas ma kada ka raina sanyi, ka tuna na Fabrairun 2021, ƙanƙara na fasa ɗan bawul ɗin ruwa da ke bayan masai in ba a tsiyaye shi ba.

Daga yanzu bawul ɗin ƙazanta a rufe yake zama ko kana jone, sai tanki ya kai kashi biyu cikin uku ka buɗe, ƙarfin ruwan ne ke kwashe komai. Shi za ka fara zubarwa, tankin ruwan wanka ya biyo baya ya ɗauraye tiyo, kuma ka sa safar hannu. Kana gamawa ka zuba galan uku ko huɗu na ruwa a ciki da magani. Mu da muke tsarki da buta ma abin ya zo mana da sauƙi, ruwa ya fi yawa tishu kaɗan, sai dai ka gaya wa uwargida da yara kada a jefa tsumman goge jarirai ko audugar mata a ciki, ko an rubuta a kwali cewa suna narkewa ba sa narkewa a wannan tankin.