Hukuncin zuba kuɗin riɗi a kartar gidan caca

TAMBAYA: Allah gafarta Malam, ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Maigatari. Ƙanena yana Amurka, yana buga kartar da ake kira foka a gidajen caca, inda ake zuba tsabar kuɗi masu kauri. Ya ce in tura masa kuɗin riɗina na bana in shiga da kashi 10 cikin 100, ci ko faɗuwa. Wai wasan ƙwarewa ne, kuma Imamu Abu Hanifa ya halatta cin kuɗin waɗanda ba Musulmi ba a ƙasarsu. Bara na tura, na samu riba. Mene ne hukunci?

AMSA: Bismillahi. Ɗana, haramcin caca ba ya buƙatar dogon bayani, ka san ayar Suratul Ma'ida. Inda na tsaya a tambayarka shi ne "ci ko faɗuwa". Da kyauta ƙanenka ya aiko maka, da wata magana ce daban. Amma kuɗinka ne a kan teburin, don haka kai ma ɗan caca ne, ko da ba ka taɓa riƙe karta ba.

Ƙwarewa kam akwai ta, sai dai ba ta wanke komai. Wanda ya riƙe kati biyu mafiya ƙarfi, ya zuba duk abin da ke gabansa, mai riƙe da ƙananan tagwaye (kati biyu masu ƙaramar lamba iri ɗaya) yakan kayar da shi kusan sau 1 cikin 5. A 2023, a wani gidan caca kusa da Los Angeles, wani shahararren ɗan foka mai suna Tom Dwan ya kwashe kimanin dala miliyan 3.1 a zubi guda, bayan ya daɗe yana auna ko burga abokin wasansa ke yi masa. Wanda ya sha kayen fa, me aka ba shi a madadin dukiyarsa?

Sai maganar Abu Hanifa. Gaskiya ne an rawaito hakan daga gare shi da ɗalibinsa Muhammad ɗan Hasan, game da Musulmin da ya shiga Darul Harbi (ƙasar waɗanda ba Musulmi ba, da babu yarjejeniyar sulhu da ita) da aminci. Amma ɗalibinsa Abu Yusuf bai bi shi ba, kuma Maliku da Shafi'i da Ahmad duk suna kan cewa haramun ba ya sauyawa don an ƙetare iyaka. Hadisin da aka dogara da shi mursali ne daga Makhul, wato tabi'i ne ya jingina shi ga Annabi ba tare da ambaton sahabi ba, Shafi'i ya ce bai tabbata ba. Cacar da Sayyadina Abubakar ya yi da Ƙuraishawa kan nasarar Rumawa kuwa, wadda ita ma ake kafa hujja da ita, jumhuru sun ce kafin saukar haramci ne. Ko a cikin Hanafiyya, Ibnul Humam ya ambata cewa malamansu sun taƙaita halaccin ga inda ribar za ta koma hannun Musulmi. Wa ya ba ƙanenka wannan tabbacin? Kuma ya tantance addinin duk wanda ya zauna a teburin? Ni dai abin da ke ba ni mamaki, mutum ya tashi a kan Risala da Iziyya, bai tuna da Abu Hanifa ba sai ranar da karta ta kira shi.

Saboda haka kada ka tura. Na bara, ka cire uwar kuɗinka, abin da ya hau kai ka sa shi a gyaran rijiyar gari ko maganin mabuƙaci, ba da niyyar neman lada ba, sannan ka yi tuba.

Ga wadda ba ka tambaya ba. A irin wannan wasa babu ƙa'idar tashi: in kuɗin gabanka ya ƙare sai ka sake zubawa, gidan kuma yana yankar kamashonsa ko wa ya ci. Wanda yake ci kullum, me zai yi da kuɗin riɗin yayansa? Ina jin tsoron ramin da ƙanenka ke ciki ya fi abin da yake faɗa maka. Ka kira shi ku biyu kawai, ban da gori, ka tambaye shi bashin da ke kansa. Kada ka kai maganar gaban mahaifiyarku tukuna. Riɗin kuma ka fitar da zakkarsa idan ya kai nisabi, ka tanadi takin baɗi da cimakar gida kafin komai.

Wallahu a'alam.