Gidan da kawunka yake son saye

Ka ce kawunka ya ga sabon gida a unguwar Ali Ɗan Sofo nan Maraɗi, ɗaki huɗu da falo, karo, wato tayil, har cikin bayi, kana tambayata ko girman gidan ya kai kuɗin da aka sa masa. Shekara uku kana bina da cokalin gini, tambayar da ka samo ke nan? Girma ai ko makaho ya taka da ƙafa zai faɗa maka. Ku yaran yanzu fenti ne ke ɗauke muku hankali, ku ɗauki hoton ƙofa da waya ku ce gida ya haɗu. Zauna, tunda ka taɓo mini inda ke ciwo.

A 2019 ne, shekarar da Najeriya ta rufe iyaka cikin watan Agusta. Simintin da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa ya yi wuya, na masana'antarmu ta Malbaza ma ya ƙi araha. A lokacin wani Alhaji ɗan kasuwa ya kira ni, ba zan kama sunansa ba, amma ka sha gaishe shi. Yana da fili mita 20 a 20, ya ce in raba biyu in fitar masa da gida biyu na sayarwa. Tun nan ya kamata in ɗauki hulata. Filin da a da mutum ɗaya zai zauna ya bar tsakar gida da bishiyar dogon yaro da wurin ɗaure tumaki, shi za a yanka a cusa ɗaki huɗu a kowane ɓangare, ɗakin da in ka sa gado sai ka shiga da gefe. Amma aiki ya yi ƙaranci, ina da leburori shida masu jirana, na ce to. Babu takarda, babu shaida, sai "ai mu 'yan uwa ne, Malam".

Bulo shi ya kawo daga wurin yaronsa. Na ɗauki ɗaya na sake shi daga tsayin ƙirjina, ya watse kamar ƙuli-ƙuli. Buhun siminti kilo 50 ne, in kana tsoron Allah bulo talatin za ka cire mai kaurin santimita 15, ka yi ta ba shi ruwa kwana bakwai. Wannan na rantse sun cire hamsin, kuma rana ce ta busar da shi, bai sha ruwa ba. Na yi magana, ya ce shafe zai rufe. Na haɗiye.

Muka zo kan dal, wato rufin kankare. Na rubuta masa rodi mai kaurin milimita 12 na ginshiƙai da katakon da zai isa, da siminti buhu bakwai a kowace mita kubik ta kankare, yadda aka koya mana. Ranar da za a ɗaure ƙarfe aka yi mini rasuwa a Tibiri, na tafi kwana uku. Ina dawowa na tarar an zuba. Wa ya zuba? Wani yaro da bai kai ka ba, wanda aka ba jikka biyar. Wani leburana ya ja ni gefe ya ce, Maigida, rodi 8 aka sa, kuma yashin da ƙasa a ciki. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, ni ba na taɓa cire tokara kafin sati uku. Shi kwana goma ya sa aka zare, wai mai saye zai zo gani daga Yamai. Aka shafe, aka liƙa karo, aka sa ƙofar ƙarfe mai ado, aka watsa fenti ruwan madara. Wallahi in ka gani sai ka ce gidan gwamna.

Wani malamin makaranta ya saya, kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa. Damina ɗaya. Bango ya tsage daga kusurwar taga har ƙasa, tsagar da za ka sa yatsa, dal ya fara ɗiga a kan gadon 'ya'yansa. Da ya je wurin Alhajin, me aka ce masa? "Je ka tambayi magini." Cikon kuɗina jikka 450 ya riƙe, wai na ɓata masa aiki. Babur ɗina na sayar na biya leburori, don ba zan ci gumin yaran mutane ba. Kuɗin ma da sauƙi. Shekara biyu ana nuna ni a unguwa ana cewa ga wanda gininsa ke tsagewa, ni da na gina gidajen da ruwan 2024 ya wuce ta gefensu, lokacin da gidaje suka yi ta zubewa a garin nan, ko ɓawon shafe bai faɗo ba. Har yau in na gan shi a sahun gaba ranar Juma'a sai na canza wuri.

To ka faɗa wa kawunka. Tushe da yadda ake duba shi ba zan tsaya maimaita maka ba, in ba ka sani ba yanzu ka koma sayar da ruwa. Abin da nake so ya yi, kada ya biya ko dala sai gidan ya ci damina a idonsa. Ya je washegarin ruwan sama ya ga inda ruwa ke kwanciya. Garin nan ma ai ruwan Gulbi ne ya kore shi daga kwari a 1945 aka hau tudu, yanzu kuma masu yanka filaye suna ta mayar da mutane hanyar ruwa. Ya tambayi maƙwabta wa ya gina, kuma don zama aka gina ko don sayarwa. Ya nemi takardar fili ya kai ma'aikatar magajin gari a duba, don fili ɗaya an sha sayar wa mutum biyu. Ɗaki uku masu faɗi da iska sun fi mini huɗun nan da za su dafa shi cikin watan Afrilu.

Ranar Asabar bayan la'asar zan je in gani da kaina. Ka zo mini da ƙusa mai tsawo da ƙaramar guduma, zan kankare bayan katanga inda ba su yi fenti ba. Kuma ka gaya masa kuɗin mai a kansa yake. Yanzu tashi ka ba bulon can ruwa, tun safe nake kallonsa yana bushewa kana latsa waya.