Amsar kaka ga jikansa da ke karatu a Kyoto ta ƙasar Japan kan kallon furen sakura

Assalamu alaikum, abokina. Ya sanyi, ya karatu? Saƙonka ya iso tun ranar Talata, ƙanwarka ce ta karanta mini, don tabarau ɗina ya yi ɓatan dabo a cikin gidan nan. Kakarka, wadda kake kira amaryarka, ta ce tun da ka tafi ba ka aiko da cefane ba, saboda haka na ci gaba da riƙe maka ita.

Ka ce malaminku da 'yan ɗakin bincikenku sun gayyace ka hanami ƙarshen wata, kana son ka san wace irin al'ada ce, ko akwai bauta a cikinta, kuma ina ya kamata mutum ya je a Kyoto. Ka ƙara da cewa ba ka ga dalilin da ƙato da gemunsa zai ajiye aiki ya je ya zauna gindin bishiyar da ko 'ya'yanta ba a sha ba. Na yi dariya har na ƙware, don maganar da na yi ke nan kusan shekara arba'in da suka wuce, lokacin da na je garin nan koyon noman shinkafa. Amsata a gajarce ita ce ka je. Doguwar kuwa, gyara zama.

Hana a bakinsu fure ne, mi kuma kallo. Sunan bai wuce haka ba. Amma kada turawa su ruɗe ka da fassara lokacin da bazara, don bazarar da ka sani a gida, wadda ake kwana a tsakar gida ana fifita, ba ta da dangi a can. Nasu lokacin fitowa ne daga sanyi mai daskarar da ruwa. Wata uku ko huɗu itatuwa tsirara, gari ya yi toka-toka, kowa ya takure. Kwatsam a ƙarshen Maris sai bishiyoyin nan da suke kira sakura su fashe da fure tun kafin ganye ya fito, kamar yadda gurjiya take yi mana da hunturu, sai dai ita ja ce, wannan kuwa fari ne mai ratsin ruwan hoda. Daga buɗewar fure zuwa cikarsa kamar mako guda ne, wani makon kuma zubewa. In ruwa da iska suka zo, kwana biyu sun gama da shi. Baƙo raɓa ne, in ji mu, kuma haka suke ɗaukarsa. Shi ya sa ba a cewa sai jibi.

Bari in taɓa sana'ata kaɗan. Yawancin bishiyoyin da za ka gani a bakin hanya iri ɗaya ne, sunansa Somei Yoshino, kuma ba shuka ƙwallonsa ake yi ba. Aure ake yi masa, yadda muke aurar da mangwaro a lambu: a yanko reshe a ɗaura a kan wani tushe. Ke nan duk bishiyoyin kamar jiki ɗaya ne aka rarraba, ɗumin da ya tayar da ɗaya shi zai tayar da sauran. Shi ya sa gari guda yake yin fari a rana ɗaya, kuma furen yake tafiya daga kudancin ƙasar zuwa arewa kamar yadda damina take hawowa mana. Hukumar yanayinsu tana da bishiyar awo a kowane babban gari. In fure biyar ko shida suka buɗe a kanta, sai a sanar an fara. In kashi 80 cikin 100 suka buɗe, sai a ce ya cika. Za ka ga ana ba da labarinsa a talabijin kamar ana jiran ganin watan Sallah.

Asalin al'adar a nan garin da kake zaune yake. Kyoto ta zama fadar sarakunansu a 794, ta riƙe wannan matsayi fiye da shekara dubu. Kafin nan furen da fadawa suke waƙe shi ne na wata bishiya mai suna ume, wadda aka kawo daga Sin. A 812 Sarki Saga ya yi zaman kallon fure a lambun Shinsen-en, ana rubuta waƙoƙi ana kiɗa, kuma shi ne zaman sakura na farko da littattafan tarihinsu suka ajiye. Lambun yana nan har gobe kusa da ganuwar Nijo, ya ƙanƙance sosai. Daga fada abin ya sauko wurin mayaƙa, sai a zamanin da suke kira Edo, wato daga ƙarni na 17, ya isa ga talakawa, da shugabanni suka riƙa dasa itatuwan a filayen da kowa zai iya shiga.

Wani abin da ya fi burge ni: tun daga zamanin Sarki Saga fadawa da limaman Buda suna rubuta ranar da fure ya cika a littattafansu na yau da kullum. Wani masani a Osaka, Yasuyuki Aono, ya bi tsoffin takardun ya tattara ranakun na kimanin shekara 1,200. A da tsakiyar Afrilu furen yake cika a Kyoto. A 2021 ya cika ranar 26 ga Maris, da wurin da ba a taɓa rubuta irinsa ba kafin wannan shekara. Ɗumamar duniya da zafin gine-ginen birni ne suka jawo. Saboda haka kada ka yi aiki da ranakun zamanina, ka bi sanarwar bana.

To, maganar bauta. Abin da idona ya gani shekara uku a jere shi ne shimfiɗa, abinci, hira da dariya. Ba a yi wa bishiya sujada, ba a yanka mata komai, ba a roƙonta. Inda za ka kula shi ne da yawa daga cikin itatuwan suna harabar wuraren ibadarsu ne, na Shinto ko na Buda. A nan za ka ga mutum ya jefa kwabo a akwati, ya kaɗa ƙararrawa, ya rusuna, ya tafa sau biyu. Wannan ibadarsu ce, kai ba ruwanka, kuma ba wanda zai ce ka yi. Ka wuce da ladabi, kada ka tsaya kana ɗaukar masu addu'a hoto kamar ka ga wasan kura. Abin da ya fi kusa da kai shi ne abin da ke cikin kofi da kwano. Ana shan giyar shinkafa da ta kwalba sosai a wurin nan. Ka faɗa tun farko, da murmushi, cewa ba ka sha, ka riƙe shayinka. Al'adarsu mutum ba ya zuba wa kansa, na kusa da shi ne yake zuba masa, to ka miƙa kofinka da hannu biyu a zuba maka shayi. A abinci ka tambayi naman alade, ka kuma tambayi mirin, wata giyar girki mai zaƙi da suke sakawa a miya da kifi. In zaman ya fara kaiwa inda murya take tashi, ka yi godiya ka yi sallama. Ka tafi da dardumarka, bakin kogi fili ne, kuma na san zuwa yanzu ka saba da fuskantar yamma, kai da aka haifa ana cewa gabas.

Dalilin da ya sa na ce kada ka ƙi zuwa shi ne watan Afrilu ne farkon shekararsu ta makaranta da ta aiki. Sababbin ɗalibai da sababbin ma'aikata duk a ƙarƙashin furen nan ake gabatar da su. Malamin da wata shida bai ce maka komai ba sai gyaran rubutu, ranar zai tambaye ka me ake ci a garinku. Mutanen nan ba su cika kai baƙo gida ba, wannan shimfiɗar ita ce zaurensu. Wanda aka kira zaure ya ƙi shiga, ai ka san yadda ake kallonsa ko a nan.

Kuma ka shirya, don ƙaramin gida ake aika kama wuri. Ni aka aika a shekarata ta farko. Ƙarfe shida na safe ina bakin kogin Kamo da ƙatuwar leda shuɗiya a hammata, na shimfiɗa, na danne kusurwoyi da duwatsu, na zauna ina karkarwa cikin 'yar rigar da ta dace da Zariya. Suna da kalma ta musamman ga wannan sanyin da yake dawowa lokacin fure, hanabie, ni kuwa a jikina na koyi ma'anarta. Da rana ta ɗaga mutane suka iso, na tashi tarbarsu, na taka tsakiyar ledar da takalmina. Ba wanda ya ce uffan. Sai kawai na ga takalma sun jeru a gefe, kowanne bakinsa yana kallon waje, nawa ne kaɗai a ƙafa. Ledar nan ɗaki ce a wurinsu. Ban gama jin wannan kunyar ba sai na ƙara wata: na miƙa hannu na karyo ɗan reshe mai fure don in kai ɗakina. Wata tsohuwa a shimfiɗar kusa ta ja numfashi kamar na mari jikanta. Daga baya aka fahimtar da ni cewa sakura ba ta jure rauni, inda aka karya nan ruɓa take shiga. Kada ka karya, kada ka girgiza don hoto, kada ka zauna a kan saiwa, sharar da ka yi kuma ka ƙulle ta ka koma da ita gida.

Ka ci dango. Ƙananan curi uku ne na garin shinkafa, kamar fura, an soke su a tsinke kamar tsire: ruwan hoda, fari, kore. Har karin magana suke da ita, wai dango ya fi fure, ga wanda cikinsa ya kai shi. Na san a wane layi kake.

Wuraren kuwa, kowa zai fara ce maka Maruyama, bayan wurin ibadar Yasaka a unguwar Gion. Shi ne lambun jama'a mafi tsufa a garin, tun 1886. A tsakiyarsa akwai wata bishiya mai rassa a zube kamar gashin da aka tsefe, ana haska ta da dare. Ta farkon ta mutu a 1947, wannan 'yarta ce da aka dasa a 1949. Ka je sau ɗaya bayan magariba ka gan ta, amma cunkoson kamar kasuwar jajiberen Sallah ne, ga hayaƙin masu suya, ga mashaya. Arashiyama da gadar Togetsukyo ma haka, in ba da asuba ba kada ka wahalar da kanka.

Hanyar Masanin Falsafa ta fi kwanta mini. Tafiya ce ta kamar kilomita biyu a gefen wata siririyar magudana, daga wurin ibadar Ginkaku-ji ka gangaro kudu wajen na Nanzen-ji. An sa mata sunan ne don Nishida Kitaro, malamin Jami'ar Kyoto da yake bin ta yana tunani. Ruwan daga tafkin Biwa yake, ta hanyar da suka haƙa a cikin dutse suka gama a 1890, bayan sarki ya koma Tokyo garin ya fara mutuwa. In ka ƙarasa Keage za ka ga tsohon layin dogo a kan gangara, wanda ake ɗora kwale-kwale a kai a ja su, yanzu itatuwa sun rufe shi hagu da dama. Ka je can a ƙarshen furen, ba farkonsa ba. Iska tana kaɗawa sai ya riƙa zubo maka a ka da kafaɗa, ya lulluɓe ruwan magudanar har ba ka ganinsa, yana tafiya a hankali kamar an shimfiɗa mayafi. A nan na daina tambayar da kake yi yanzu. Na tsaya da kekena a hannu na ce Subhanallah, kuma na makara aji.

Daigo-ji, wani wurin ibadar Buda, yana can kudu maso gabas, ka ba shi yini guda. A 1598 Toyotomi Hideyoshi, ɗan talaka da ya haɗe ƙasar a hannunsa, ya sa aka dasa itatuwa kusan 700 a wurin, ya tara mutum kamar 1,300, yawancinsu matan fada, aka yi kallon furen da har yau ake labari. Wata biyar bayan nan ya mutu. A al'ada, Lahadi ta biyu ta Afrilu sukan yi jerin gwano da tufafin zamanin don tunawa.

In gwaje-gwaje suka riƙe ka har fure ya zube a gari, akwai sauran dama a wurin ibadar Ninna-ji, wanda aka kafa a 888. Itatuwansa kamar 200 ne, gajeru, ba su fi mita biyu zuwa uku ba, furen yana daidai fuskarka, kuma sai wajen tsakiyar Afrilu suke buɗewa. Mutanen Kyoto da su suke rufe kakar.

Amma in ka tambaye ni inda zan koma da ƙafafuna za su yarda, bakin Kamo ne, daga mahaɗar ruwa ta Demachiyanagi ka yi arewa zuwa gefen lambun tsirrai. Ba kuɗin shiga, ba layi, 'yan unguwa ne da yaransu da kekunansu. Abu ɗaya, ka rufe abincinka, don shirwar wurin ta fi ta mahautar garinmu rashin kunya, daga hannu take fizga.

Ka sa riga mai kauri da safa biyu, kuma ka duba kada safar ta kasance mai huji, tunda za a cire takalmi. Ka ɗauko hoton bishiyar Maruyama da na ruwan nan in fure ya rufe shi ka turo wa ƙanwarka, kakarka shekara arba'in tana cewa ƙari nake yi. Kowa na gida yana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya.

Kakanka.