Amsa: Me zan shuka a bayan gida don tsuntsaye su riƙa zuwa?

Malam, tunda ka ce filin naka a Gusau ɗan ƙarami ne, don Allah kar ka sa dogonyaro kusa da katanga, saiwarsa na fasa gini. Ka sa zogale da gwanda da gwaiba guda ɗaya, ka bari sai ruwa ya zauna wajen watan Yuli tukunna ka dasa. Zogalen in ya kai ƙirjinka ka datse kansa, sai ya yi rassa da ganye sosai maimakon ya miƙe sama kawai. Su kuwa tsuntsaye wallahi ruwa ne ke jawo su, musamman da bazara da zafi ke wuce digiri 40, ni kasko nake sawa a inuwa in watsa ɗan gero, kurciyoyi tun asuba suke sauka. Amma ka ɗaga kaskon sama saboda mage, kuma kullum ka canza ruwan kar sauro ya yi ƙwai ciki.